Daga Azahar Zuwa La'asar

Ni ce na faɗa wa alƙalin Ringim.
Bai matsa mini ba, tambaya ɗaya ya yi.
Na ce na same ta da asuba bakin rijiyar Malam Goje,
ba guga, ba tulu,
Muntari a bayanta, majanyi ya kwance,
tana gaida ruwan da sunan mahaifiyarmu.
Magatakarda ya rubuta.
Alƙalaminsa bai yi rawa ba, bakina ne ya yi.

Uban yaro ya ce a ba shi ɗansa.
Alƙali ya ce reno na ɗakin uwa ne,
in uwa ta gaza sai kaka,
kaka kuwa ƙasa ta rufe mata ido.
Sai ya dube ni.
Na fito da takarda mai shuɗin hatimi
da ɗan shekara uku riƙe da bakin mayafina.
Hansai, ƙanwata, aka sa ta motar Kazaure.

Wata bakwai.
Ta dawo da ƙibar da ba ta tuwo ba,
da katin asibiti, da ƙwayoyi a leda,
yatsunta na karkarwa in ta ɗaga moɗa.

Takarda ta ce Alhamis,
daga azahar zuwa la'asar,
a gidana, a gabana.
A gabana!
Ni da na goya ta zuwa gona,
na cire mata ƙaya da haƙorina,
yau ni ce mai gadinta.

Takan iso tun ladan bai gyara murya ba,
ta tsaya gindin darbejiyar ƙofar gida.
Ba ta shigowa sai an kira salla,
wai kada a rubuta ta yi azarɓaɓi.
A bakin zanenta akwai ƙulli:
gyaɗa, ƙuli-ƙuli,
rannan takalmin roba da ya yi masa kaɗan,
don ƙafar bara take tunawa.

Alhamis ta fari ya ɓuya bayan turmi.
Ta biyu ya karɓi gyaɗar,
ya kawo mini in ɓare masa.
Na ga abin da hakan ya yi wa fuskarta.
Na shiga madafi, ba abin da zan ɗauko.

Malama Rakiya ta ofishin walwala
takan zo a bayan babur sau ɗaya a wata,
littafi a cinya, biro a baki.
Tana shan magani? Tana barci?
Kin ji ta tana magana ita kaɗai?
Wa bai taɓa yi ba, Malama?
Ni ma nakan yi in ina tankaɗe.

Wurin injin niƙa kuwa, in na iso,
sai zance ya koma kan tsadar taki.

Jiya ya kwanta a cinyarta.
Ba wanda ya ce ya je.
Ta tsefe masa datti a ƙeya,
tana kirga tabon da ba ta san ranar samunsu ba,
har barci ya ɗauke shi.
Sai ladan ya kira la'asar.

Na ci gaba da tsintar wake.
Na ce a raina, yau kunnena ya toshe,
takardar tana can cikin kwalla, ba ta da ido.
Amma ita ce ta tashi.
Ta ɗago shi a hankali kamar ƙwaryar da ta cika,
ta miƙo mini.
Ta ce, Yaya, in Malama ta zo
ki gaya mata na tashi a kan lokaci.

Bayan an yanke gero alƙali zai sake zama.
Zai dube ni, ya yi tambaya ɗaya.
Na san amsar, Hansai ta samu sauƙi.
Sai dai ni ban taɓa haihuwa ba,
kuma yaron nan
ya saba da ɗumin bayana.